Gayyar Manhajar Kaji

A Kaduna, can wajen Kakuri, akwai wani Alhaji Gambo Mai-Bulo da ya shekara talatin yana buga bulo kafin wani ya tsegunta masa cewa yanzu arziki ya koma cikin waya. Bai yi wata-wata ba ya sa aka share ɗakin da yake ajiye siminti, aka zuba kujeru da fanka, ya ɗauko wani Injiniya Sabitu da abokan aikinsa uku, ya ce daga yau shi ma yana da kamfanin haɗa manhaja.

Aikin farko da suka samu na ƙungiyar masu kiwon kaji ne. Shugabar ƙungiyar, Hajiya Ladidi, tana son manhajar da za ta riƙa tuna wa mai kaji ranar rigakafi, ta kuma haɗa shi da mai sayen ƙwai. Da yake teloli sun sha koya mata darasi, sai ta ba kamfani biyu aikin lokaci guda: na Alhaji, da wani na tsallaken titi, na wata Injiniya Dije. Ta ce wanda ya kawo abu mai aiki ranar babban taron ƙungiya, aikin nasa ne, ɗayan kuma Allah ya ba shi haƙuri. Shi kuwa Alhaji ya gaya wa Sabitu a fili cewa in Dije ta riga su, ɗakin zai koma na siminti, Sabitu ya san inda zai nufa.

Wata uku aka ɗiba wa aikin, aka shiga na biyar. Saura sati shida taro, Alhaji ya leƙo.

"Injiniya, saura nawa?"

"Sati uku, ranka ya daɗe, in an bar mu mun zauna."

"Ku huɗu, sati uku. To in kun kai goma sha biyu fa?"

"Ai shi wannan aikin ba haka..."

"Sati ɗaya ke nan. Ni ban yi boko ba, Injiniya, amma na san aiki. Lebura huɗu, bulo ɗari huɗu. Lebura takwas, ɗari takwas. Ko ita manhajar ta fi siminti nauyi ne?"

Washegari Sabitu ya tarar da mutum takwas a ƙofa, kowa da jakar kwamfuta. Duk sun iya aikin kuwa, ba laifi, sai dai ba wanda ya san inda aka faro. Sabitu ya kwana huɗu yana yi musu bayani, abokansa uku suna maimaita wa waɗanda suka fita alwala lokacin da ake yi. Ranar da sababbin suka fara taɓa aikin, ɗaya ya gyara wurin rigakafi, wani ya gyara gyaran, na uku ya ga abin bai yi masa kyau ba ya mayar da shi yadda yake. Da aka gwada, manhajar ta tuna wa mai sayen ƙwai cewa yau ne ranar yi masa allura.

Alhaji ya dawo. "Saura nawa?"

"Sati huɗu, Alhaji."

Alhaji ya dubi ɗakin, ya girgiza kai. "Na gane. Hannu ne ya yi kaɗan."

Kafin Juma'a sun kai ashirin da biyar. A nan ne gaisuwa ta shigo cikin maganar. Lokacin da suke su huɗu, kafin shayi ya huce an gama ina kwana. Yanzu kuwa kowa sai ya bi kowa, hannu da hannu: an tashi lafiya, ya gajiya, ya iyali, ya mai jiki, ya aka ji da zafin nan. Ba kuma wanda zai yarda a ce shi ne marar tarbiyyar da ya wuce mutum bai gaishe shi ba. Sabitu ya lura ana gama ina kwana ne daidai lokacin da ya kamata a fara ina wuni. Da ya kai kuka, Alhaji ya ɗauko wani dattijo mai murya, ya ce aikinsa kawai ya gaishe da kowa a madadin kowa. Sai ya zama kowa na gaishe da kowa kamar da, sannan a je a durƙusa a gaishe da dattijon.

Kwamfutoci suka kasa, aka koma mutum biyu kan guda: ɗaya na bugawa, ɗaya na riƙe da linzamin kwamfutar. An ce akwai biyun da suka yi kwana uku ba sa magana da juna, aikinsu kuma ya fi na kowa sauri.

Taron safe ma, wanda Sabitu ya saba yi a tsaye cikin minti biyar, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, yanzu sai an kira azahar. In aka zo kan mutum aka ce me ka yi jiya, sai ya ce, "Na halarci taron jiya." Na gaba ya ce shi ma haka, ya ƙara da cewa ya goyi bayan abin da na farko ya faɗa.

Amma duk wannan wasa ne a kan sha'ani. Mutum huɗu, a shekara da kyar a yi suna ɗaya. Da suka kai arba'in, babu ranar da ba a haihu ba, ko a ɗaura aure, ko kakar wani ta kwanta asibiti. Kuma abokin aiki ai ɗan'uwa ne, dole a je. Litinin suna a Rigasa, Talata dubiya a Kawo, Laraba ɗaurin aure a Zariya, har da ankon shadda. Alhaji ya ɗebo mutum goma musamman don su riƙa zuwa barka da jaje a madadin ofis. A satin farko biyu daga cikin goman aka yi musu haihuwa, ofis gaba ɗaya ya tafi.

Shi dai Sabitu ya rame. Wurin da kawai yake samun rubuta layi biyu shi ne bayan ɗaki, kan wani tsohon bulo, kafin wani ya gano shi ya zo tambayar inda ake ajiye sukari. In ya ɗaga kai yana hango tagar su Dije a tsallake: su uku, shiru kamar masu jarabawa, ba ka jin komai sai ƙarar fanka.

Saura kwana tara babban taron ƙungiya, da hantsi, wata doguwar mota ta tsaya a ƙofa, cike da mutane har kan injin. Alhaji ya sauko daga gaba yana gyara babbar riga, fuskarsa kamar wanda ya dawo daga Makka.

"Injiniya, fito ka ga abin arziki. Talatin ne cif. Har da wanda ya yi karatu a Indiya."

Sabitu ya fito, ya dubi motar. Na cikinta har sun fara miƙo hannu ta taga ana gaisawa.

"Yanzu saura nawa?" in ji Alhaji.

"Da safe dai wata biyu ne, ranka ya daɗe."

"To ka ga dabarata ta zo a kan gaɓa. Ni dai ban taɓa yin gayya na ji kunya ba. Faɗa wa direba inda zai sauke su, ciki ko baya?"

Sabitu ya dubi mutanen, ya dubi tagar tsallaken titi, ya matso kusa da Alhaji ya rage murya.

"Alhaji, in dai so kake mu ci aikin nan, a sauke su a ƙofar Dije, a ce gudummawa ce daga maƙwabta."