Sif Ɗin da Ya Ƙi Fita

A danginsu kaf babu mai ce masa kafinta. Injiniya suke kiransa, kuma ba don girmamawa ba. Shekarar da ya yi aure ne ya rantse sai ya ƙera wa amaryarsa sif na ajiye tufafi irin wanda ido bai taɓa gani ba. Ya riƙa shigo da katako falle-falle cikin ɗakin hayarsu, ya haɗa shi a nan ciki, ya sa masa ƙaton madubi, ya bi kowace gaɓa da gam da ƙusa don ko jikoki kada su ga rabuwarsa. Ya auna bango, ya auna rufi. Ƙofar ɗaki ce kawai bai auna ba.

To ga shi yara sun yi yawa, sun kama gida mai faɗi a wata unguwa. An kwashe komai, har ƙusar rataye agogo, sif yana nan tsaye. Mai gidan haya kuwa ya ce ƙarshen wata yana son ɗakinsa a share, in ba haka ba zai kira mai gatari. Masu saye sukan zo, su dubi sif, su dubi ƙofa, su ce sai sun yi shawara.

Yana tsugune a bakin ƙofa da abin awo, ko Allah ya sa ta ƙara faɗi bai sani ba, sai ga taubashiyarsa, 'yar goggonsa mai ɗinki.

"Yaya iyali, Injiniya? Har yanzu ba ta girma ba?"

"Lafiya lau. Wa?"

"Ƙofar. Na ga kana auna ta kamar jaririya a asibiti."

"Ita aƙalla ta wuce kafaɗata. Ke tun muna yara girma ya yi sallama da ke, baki kawai ya ci gaba."

"Bakin ne ya kawo ni. An ce kana sayar da gidan kyankyasai."

"Wanda ya gaya miki bai taɓa shiga ɗakin arziki ba. Wannan katakon gara ta taɓa gwada cizonsa, har yau da ruwan gishiri take kurkure baki."

Ta shiga ta zagaya sif ɗin, ta ƙwanƙwasa gefensa kamar mai zaɓen kankana.

"Madubin ya dushe."

"Bai dushe ba. Ke ya gani ya runtse ido."

Ta ja murfi ɗaya, ya yi wata doguwar ƙara.

"Kuka ma yake yi."

"Gaishe ki ya yi. A hannuna ya tashi, yana da tarbiyya."

"To nawa ne mai tarbiyyar?"

Nan Injiniya ya shiga lissafi a ransa. In ya tsawwala, kafin magariba labari ya kai wa Goggo cewa ya yanke mata 'ya. In ya karyar, matarsa za ta ce ya zubar da kyautar aurenta a bola. Sai ya ga gara ya fara daga sama, ko ba komai akwai wurin saukowa.

"Kuɗin sabo."

"Sabo? Abin da ya girmi ɗanka na fari?"

"Shi ya sa. Na shago yaro ne, bai san rayuwa ba."

"Na shago har gida ake kai wa mutum. Kai ma za ka kai min?"

Ya yi tari. "Ɗauka ta mai saye ce. Haka ƙa'idar sana'a take."

"Ta ina za a ɗauka, ta rufi?"

"Ana iya kwantar da shi a karkace."

"Matarka ta ce kun gwada. Ta ce ya maƙale a ƙofa, kai kana ciki, sai ta taga aka riƙa miƙa maka abinci."

"Ƙarya take min. Ruwa ne kawai."

Ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Shi kuwa gatarin mai gida kawai yake gani a ransa, yana sauka a kan gaɓoɓin da ya ɓata ƙuruciyarsa yana gogewa. Ya sassauta murya.

"Ji nan, 'yar Goggo. Don darajar zumunci, na ba ki shi kyauta. Ki dai san yadda za ki fitar da shi."

"Allah ya saka. Ka haɗa min da farin wata, tunda rabon abin da ba ya ɗaukuwa kake yi." Ta gyara mayafi, ta dubi ɗakin daga lungu zuwa lungu. "Wa ya ce ma fitar da shi zan yi? Mijina ya riga ya kama min ɗakin nan. A wancan kusurwar zan kafa keken ɗinki."

Abin awo ya suɓuce daga hannunsa.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin masu sayenka su fara gudu."

"Kika bar ni ina ta zuba?"

"Daɗin ji yake min. To, ka ce kyauta, na karɓa."

"Ban ce ba."

"Ka ce, a gaban mai tarbiyya. In kuma ka fasa, zaɓi biyu ne. Ko ka fitar min da kayanka yau, ko ka riƙa biyan hayar inda ya tsaya. Rabin ɗaki ya cinye, ba ya shara, ba ya gaida baƙi sai an taɓa shi."

Injiniya ya dubi sif, ya dubi ƙofa, irin kallon da masu saye suka yi ta yi. Ya san ta kama shi hannu da ƙafa, ko sisi ta hana babu alƙalin da zai saurare shi.

Sai ta buɗe jaka.

"Kwantar da hankalinka. Goggonka ta ce in na cuce ka kada in sake taka mata gida. Na zaga wurin masu sayar da tsofaffin kaya, na kwatanta musu shi, suka ce rabin kuɗin sabo ya yi daidai. Shi zan ba ka. Ban rage don kana taubashina ba, ban kuma ƙara don tausayi ba."

Ya juya maganar a ransa, ya ga ko baƙo ne ba zai ba shi fiye da haka ba, in ma an sami baƙon da zai iya ɗauka. Ya miƙa hannu yana ɓata fuska don kada ta ga daɗin da ya ji.

"An zalunce ni, amma na yafe. Gobe zan zo in sa wa murfin mai, in ƙara miki katakon jera yadi. Wannan kyauta ce ta gaske."

"Ka haɗa katakon a waje, don Allah." Ta ɗauko abin awon ta miƙa masa. "Amma tsakaninka da Allah, Injiniya, ranar nan me ya hana ka auna ƙofa?"

Ya naɗe shi a hankali ya jefa aljihu.

"Ke na auna. Na san wata rana gajeriyar marowaciya za ta zo, wadda ba za ta biya kuɗin ɗauka ba, sai na ƙera mata wanda ba ya tafiya."