Mazaunin Kyandir na Turkawa

Ba zan taɓa mantawa da rani na 2004 ba, shekarar da na dawo Kura da digirin tarihi, ina tafe kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba. A lokacin ina neman auren Hadiza. Mahaifinta, Malam Sale mai noman tumatir, bai yarda ɗan boko zai iya riƙe gida ba, ni kuwa na ƙudurta sai na burge shi.

Wata safiya na tsinci wani farin ƙarfe a laka, bakin magudanar ruwa. Gindinsa faffaɗa, wuyansa gaɓa-gaɓa, ga rami a tsakiya. Na yi maza na goge lakar. Na taɓa ganin hoton tsofaffin mazaunan kyandir na azurfa a littafi, kuma wallahi kamar an tsaga kara! Kwana uku ina dirzarsa da toka da lemon tsami. (Ban tambayi kaina me ya kai azurfa cikin laka ba. Digiri ya hana.)

Ranar Juma'a bayan la'asar na tarar da Malam Sale a ƙofar gida da abokansa. Na durƙusa na gaishe su, na kwance ƙyallen da na naɗo ƙarfen a ciki, har da dasa kyandir a ramin.

“Baba, wannan azurfa ce ta zamanin Turkawa. Ka ga gaɓoɓin nan? Salon maƙeran Istanbul ne, sun fi shekara ɗari uku. Faɗin gindin kuwa don kada ya kife a gaban sarki.”

Malam Sale ya karɓa, ya zare kyandir ɗin, ya leƙo ni ta cikin ramin.

“Gaɓoɓin nan, yaro, su ke riƙe tiyo. Bakin injin ban ruwana ne. Kwana huɗu ina nemansa, tumatirina duk ya yi yaushi, ashe yana Istanbul.”

Wani tsoho ya yi dariya har ya ƙware. Ni dai na ji kamar in nutse, amma bakina bai daddara ba, sai ji na yi na ce, “To... amma ƙirar tana kama.”

A ranar na ɗauki tiyo a kafaɗa zuwa gona, da sabuwar shaddata. Sai da tumatirin ya farfaɗo aka saurari maganar aure.

Tun daga nan in na tsinci abu, “na wane ne?” nake fara tambaya, kafin “na wane zamani ne?”