Rufin Gidana Mai Sanƙo

Mai karatu, kafin manya su karɓi wasiƙarsu, ga kacici-kacicinka. Gidaje biyu ne suna kallon juna, hanya ta raba su, murhu na ci a kowanne. Dusar ƙanƙara ta zubo musu daidai wa daida. Ɗaya ya wuni da farar hula har kunne. Ɗayan kuwa kafin tsakar rana kansa ya fito tal, sai dogon gemun ƙanƙara a bakin rufi. A wanne ne tsohuwa ke shan shayi da safar hannu? Riƙe amsarka, za mu haɗu a ƙasa.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Ɗumama Gidajen Tsofaffi, ma'abocin fanka da igiyar awo,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai ɗumi, wadda ita kaɗai ce abu mai ɗumi da ya rage a gidan nan, ina fatan kana lafiya, ƙafafunka kuma suna jin juna.

Ni ce Rolande Daigle, gida na ƙarshe kafin a gangara kogi, shekarata tamanin da ɗaya. Aji shida na yi aka cire ni zuwa tsintar dankali, don haka in ka ga rubutun ya karkace, rabi jahilci ne, rabi yatsu ne suka ƙage. Na samu takardarku mai cewa gidana ya ci jarrabawa, ba ya cikin waɗanda za a toshe wa sanyi bana. Na gode ƙwarai. Tun da kakan mijina ya gina shi ba a taɓa yaba masa a rubuce ba. Sai dai ina da 'yan koke-koke.

Na ɗaya. Kun aiko min sanarwa mako guda cur kafin zuwan mai duba gida. Ranka ya daɗe, wa ya rene ku? A kwarin nan ka ce wa mace baƙuwa na zuwa ganin gidanta nan da mako, sannan ka zaci za ta naɗe hannu? Na sa aka saro min rassan itace masu ganye, na kewaye gindin gidan da su kamar yadda muke yi kowace shekara, har na ninka. Na dama ƙullun fulawa na liƙe tagogi da tsohuwar jarida. Sannan na ɗaure gwiwoyina da tsumma na rarrafa cikin ramin da ke ƙarƙashin daɓe, inda katakon gidan ya hau kan duwatsun harsashi, wurin da iska ke shiga tana fito. Duk kafar da hannuna ya samu na cusa mata safar marigayi mijina Leonide. Safa arba'in da huɗu, na ulu, saƙar hannuna. Bawan Allah bai taɓa yin aiki a ƙarƙashin gidan nan ba yana raye, sai ga ƙafafunsa sun yi bayan ransa.

Na biyu. Ma'aikaciyarku Kendra ta zo, yarinya mai ladabi, ba ni da abin faɗa a kanta. Ta kafa ƙatuwar fankarta a bakin ƙofa don ta zuƙe iskar gidan a ga ta inda sanyi ke satar hanya. Fanka ta yi ta gurnani, ko labule bai motsa ba. Ta ce, "Kaka, ai gidan nan a matse yake kamar kwalba! Me kika yi masa?" Na ce, "Ni? Tsafta ce kawai, 'yar nan." Da ta nemi hawa cikin silin, na ce ƙofar ta liƙe tun zamanin fenti, alhali ni na jawo kabad na tare ta, don kada ta ga tarkacen shekara hamsin. Da ta nufi ƙarƙashin daɓe, na tare ta da faranti, wainar gari mai zafi da man shanu na narkewa a kai. Ta ci bakwai. To ina tambaya, tun yaushe hukuma ta fara gaskata maganar tsohuwar da ke kare mutuncin gidanta? Ba a koya musu cewa in an cika ka da abinci, akwai inda ba a so ka leƙa?

Ga gaskiyar yanzu, tun da Kendra ba ta gabana. Abin da ke cikin silin ɗina ɗan garin katako ne da bai kai kaurin yatsu biyu ba, da kekuna uku marasa taya. Ƙullun fulawar ya bushe ya ɓare a sati na biyu. Safar kuwa ɓeraye sun yi ta janye su suna shimfiɗa.

Na uku, kuma nan ne zuciyata ke tafasa, ita kaɗai a gidan. Maƙwabcina na tsallaken hanya, Aurele Pelletier, bai taɓa tsintsiya ba tun da matarsa ta rasu. An ce da aka kunna masa fanka, sheƙar tsuntsu ce ta faɗo daga silin. Sai kuka aiko masa babbar mota da mesa, aka hura masa niƙaƙƙiyar takarda cikin silin har gwiwa, aka feshe kafofin harsashinsa da kumfa, aka shimfiɗa leda a ramin ƙarƙashin daɓensa. Yanzu tsohon nan yana tsayawa a taga da singileti yana ɗaga min hannu. Ran Lahadi a bakin coci ya ce, "Rolande, in kankanar da kika saya tana bukatar firji, kawo ta falonki." Na ce, "Kai dai ka ji kunya, ƙazanta ce ta yi maka rana." Ya ce, "Ta yi kuwa. Ke tsaftarki me ta saya miki, majina?" Ranka ya daɗe, wannan ne darasin da ofishinka ke son jikokinmu su ɗauka?

Na huɗu. 'Yata Ginette tana birnin Portland, kuma 'yar kwarin nan ce, ba a yi mata bayanin rufi. Ta gyara min ɗaki a hawa na uku, kusa da injin wanki, taga na kallon wurin ajiye motoci. Ta ce, "Mama, ba zan yi jayayya da ke ba. Ran ashirin ga Disamba ina zuwa. In na tarar da hular ƙanƙara a kan gidan, na bar ki. In na tarar da sanƙo, ki haɗa kayanki." Na ce a gidan nan na haife ki, a kan teburin nan aka yanke miki cibi. Ta ce, "Shi ya sa har yau ƙafata ba ta ɗumi." Kowace Lahadi kuma sai an aika mata hoton rufin.

Na biyar. Ginette, in kina karantawa, tsallake wannan, ba naki ba ne. Ranka ya daɗe, Lahadi uku ke nan Aurele na jawo motarsa gindin bangona bayan coci, ya hau bayanta da shebur yana watsa dusar ƙanƙara kan rufina, ni ina ƙasa ina nuna masa inda sanƙon ya leƙo. Da ya lulluɓe sai ya ɗauki hoto da sauri kafin ta narke. Shekararsa saba'in da tara, ƙugunsa na ƙarfe ne. Ladansa tukunyar miyar kaza, da izinin yi min dariya. Jiya ya zame ya zauna daɓas, ya ce, "Tsohuwa, in na karye, a gidanki zan yi jinya." Na ce, "Da sanyin?" Ya ce, "To ke ki dawo nawa." Ka ga inda sakacin ofishinka ke neman kai mu? Mutanen coci ba su da aiki sai magana.

Ranar ashirin kuwa ba hoto Ginette za ta kalla ba. Kwana uku za ta yi, kuma shebur ba ya riƙe ƙarya kwana uku.

Don haka roƙona ɗaya ne. A sake turo Kendra, kuma don Allah kada a sanar da ni. Na yi alkawari ba zan taɓa tsintsiya ba. Na ture kabad, na kwashe rassan, ba zan ɗora kasko ba sai ta fito daga ramin da yanar gizo a ka. Safar ma na rarrafa na ƙwato su daga ɓeraye, arba'in da uku, ɗayar sun ƙi saki. Na wanke su na shanya a igiya gaban gida, sun daskare sun miƙe kamar masu tsaron ƙofa, don kada motarku ta ɓata hanya. In Kendra ta zo ta kunna fankar, ta riƙe hularta da kyau.

Ina nan durƙushe gaban girmanka, ba don komai ba sai don kusa da murhu ne.

Taka mai biyayya, mai ladabi, mai rawar ɗari,
Rolande Daigle,
Gidan da ya ci jarrabawa.

Amsar, mai karatu: a gida mai sanƙon ne. Zafin murhunsa ne ke ratsa silin ya narkar da hular, ya bar tsohuwa a ƙasa da safar hannu.