Rasuwar Mai Ido Ɗaya, Majigin Dogon Falo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido kuma da ya rasa abin kallo tun ranar Asabar, Tela na gidan dogon falo yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta, har da masu shigowa kallo ba gayyata, rasuwar majiginsa, wanda yara suka fi sani da Mai Ido Ɗaya. Ya rasu bayan shekara shida yana aiki, a saman kabad ɗin Yayan Tela, inda ya zauna tun ranar da aka kawo shi.

Ga wanda bai san gidan ba, falon nan a da falo biyu ne, ɗaya na Yaya, ɗaya na Tela. Mahaifinsu ne ya sa aka rushe bangon tsakiya, ya ce shi ba zai riƙa zagayawa ta waje don ya ga 'ya'yansa biyu ba. Sai aka samu ɗaki mai tsawon yadi goma sha shida, faɗinsa bai kai huɗu ba. In ka yi sallama daga wannan ƙofar, sai ka samu wuri ka zauna kafin amsa ta iso daga waccan.

Shekara ɗaya da rasuwar tsohon, saɓani ya shiga. Tela ya ɗinka wa Yaya wandon da zai sa ranar auren 'yarsa, wando ya tsaya a ƙwauri. Tela ya rantse awonsa daidai ne, tumbin Yaya ne ya cinye yadin. Yaya kuwa ya ce, a gaban surukai, wannan ɗinkin ɗan koyo ne. Daga ranar magana ta yanke, kuma Yaya ya kira magini ya auna inda za a mayar da bango.

A cikin wancan makon ne marigayi Mai Ido Ɗaya ya shigo gidan. Tela ya nufi shagon kayan lantarki da tef ɗin awo a wuya. Mai shago ya jera masa ƙananan majigai na zamani, waɗanda ake ajiyewa dab da bango su cika shi da hoto. Tela ko kallonsu bai yi ba. Ya ce, "Ni wanda ba ya aiki sai daga nesa nake nema." Mai shago ya shiga ciki ya kinkimo wani tsohon yayi, irin na zauren taro, ya ce, "Maigida, wannan in ba ka ba shi yadi goma sha biyar ba, hotonsa ba zai wuce faranti ba." Tela ya ce a ɗaure masa shi.

Ya rataya farin yadi a bangonsa, ya dubi falo sama da ƙasa, babu wurin da nisansa ya isa sai saman kabad ɗin Yaya. Yaran gida biyu suka tasa Yaya gaba da magiya ya bari a ɗora shi a can. Shi kuma, mutumin da ba ya haɗa ƙwallo da komai, ya gaya wa matarsa da ƙarfi yadda za a ji a can ƙarshen: "Bango zai jira har abin nan ya mutu. Ai ba zai yi wata uku ba."

Marigayi ya kasance mai haƙuri da riƙon amana. In aka kunna shi sai ya yi gyaran murya, ƙirrr, ya ja dogon numfashi, fuuu, sannan ya buɗe ido. Bai taɓa fushi da masu giftawa ba, sai dai ya nuna wa jama'a girman kansu a jikin yadi. Babban aikinsa kuwa shi ne ɗan aike. Tela zai dubi farin yadi ya ce, "Hoto ya yi dishi-dishi." Yaya zai miƙe ya murɗa idon majigi, ya dubi majigin ya ce, "Ya yi?" Tela ya ce wa yadi, "Ya yi." Shekara shida ke nan, duk yammacin Asabar, wannan ce hirar wa da ƙani, kuma Tela bai taɓa raina ta ba.

Ciwon ajali ya fara ne a bara, lokacin da fuskokin 'yan wasa suka koma rawaya kamar masu shawara. Daga nan sai zazzaɓi da tari. Tela ya sa masa fanka ta kansa, ya ɗinka masa riga saboda ƙura, kuma wannan karon awo ya yi daidai. Ranar Asabar, ana shirin buga fanareti, aka ji tas, aka ji ƙaurin roba, hoto ya ɗauke.

Ya rasu ya bar rimot ɗaya da aka ɗaure wa baya da salatif, da sifika biyu, ɗaya kurma, da waya yadi ashirin, da matan gida biyu waɗanda dama ba su taɓa daina magana da juna ba. Ya kuma bar Tela, wanda ya zaga shago huɗu a makon nan, ko'ina sai a nuna masa na dab da bango. Tela ba ya ɓoyewa, ba kallon yake wa kuka ba. Tsoro yake ji ya wayi gari ya ga bulo a tsakar falo.

Game da jana'iza, an so a sauko da gawa ranar Lahadi a miƙa wa masu sayen tsofaffin kaya, amma aka samu tangarɗa: Yaya ya ƙi yarda an mutu. Masu gyara uku ya kawo da kansa, kowanne ya duba ya girgiza kai, kowanne Yaya ya ce bai san aikinsa ba. Jiya da hantsi ya jingina tsani a jikin kabad zai hau ya sake dubawa, tsani ya motsa. Bai dubi majigi ba, bai dubi matarsa ba. Ya juyo ya dubi ƙaninsa ya ce, "Kai, zo ka riƙe min mana, ko so kake in bi shi?" Tela ya taka yadi goma sha shida ɗin nan da gudu, har takalminsa ɗaya ya tsaya a hanya.

Saboda haka an ɗage jana'iza har sai Yaya ya gamsu, kuma masu gyara ba su ƙare a garin ba. Marigayi zai ci gaba da zama a saman kabad. Ana karɓar ta'aziyya ranar Asabar da ƙarfe huɗu, a shigo ta kowace ƙofa, a zauna a kowane ɓangare. Shi ma magini ana maraba da shi, amma ya zo hannu rabbana.