Rasuwar Ƙwallon Tankin Saman Bene

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da ya ƙi kwanciya, malamin kimiyyar nan mai ɗaki a ƙarƙashin tanki, wanda 'yan gida suke kira Farfesa idan suna son ɓata masa rai, yake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar Ƙwallon Tanki. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, a can ƙasan tankin saman bene, bayan shekara goma sha ɗaya a bakin aiki.

Marigayi ba mai surutu ba ne. Aikinsa guda ɗaya: ya kwanta a kan ruwa. Idan an kunna inji ruwa ya fara hawa, sai ya hau tare da shi, ya ɗaga sandar da yake maƙale da ita, ita kuma ta toshe bakin bututu. Duk gidan nan an san muryarsa, shuuu mai tsawo, sannan tik, shi ke nan tanki ya cika. Sirrinsa kuwa iska ce. Da ya ɗan shiga ruwa, ruwan da ya ture ya kai nauyinsa, sai ruwa ya tallafe shi. Wannan bayani Farfesa ya yi shi a tsakar gida ya fi sau ashirin, ana gyaɗa masa kai ana ci gaba da wanki.

Ciwon ajali ya faro da ɗan tsagu wanda bai fi gashin ido ba. Ruwa ya soma shiga kaɗan-kaɗan, marigayi ya fara kwanciya a karkace. Farfesa ya kai ƙara. Goggo ta ce ai tun kafin ya iya ɗaura wando ake shan ruwa a gidan. Yaya ya ce gobe zai kira mai gyaran famfo, kuma goben nan ta yi wata huɗu ba ta waye ba.

Sai Kawu ya hau tsani. Kawu tsohon direba ne, kuma ma'auninsa ɗaya a duniya: ya ɗora abu a tafin hannu ya jinjina. Kwaɗon ƙofa ne, caja ce, dutsen guga ne, in da nauyi orijina ne, in babu jabu ne. Da ya jinjina marigayi sai ya yi salati.

“An cuce mu shekara da shekaru,” in ji shi. “Fanko ne! Ba komai a cikinsa!”

Ya faɗaɗa tsagun da wuƙa, ya kwaɓa siminti ya ɗura har baki, ya shanya shi kwana biyu, ya mayar da shi yana cewa yanzu ya zama namiji. Maganar marigayi ta ƙarshe, a shaidar Yaya da ke riƙe da tsani, ita ce ɓulum.

Inji ya ci gaba da tura ruwa ba mai tsayar da shi. Tanki ya batse, silin ya jiƙe ya ɓalle, ruwa ya sauka a kan takardun jarrabawar ɗalibai tamanin da Farfesa bai gama sa wa maki ba. Ya dawo daga makaranta ya tarar da su suna yawo a bakin ƙofa, har da ta ɗalibin da ya rubuta cewa dutse yana nutsewa ne saboda ba a koya masa iyo ba. Farfesa ya tsaya ya yi bayanin jirgin ruwa na ƙarfe da yadda faɗin cikinsa ke ɗauke shi. Kawu ya saurara da ladabi, sannan ya yanke hukunci cewa ruwan yanzu ne ba shi da ƙwari irin na da.

Marigayi ya bar sandarsa, wadda har yanzu kanta ke sunkuye. Ya bar famfon ƙasa mai feshi da ƙarfi saboda tsayin ruwan da ke kansa, da shawan bene mai ɗigo kamar ana roƙonsa. Ya kuma bar iyali da suka yarda cewa tsautsayi ne, wanda shi ne abin da ya fi ƙona wa Farfesa rai, domin tsautsayi ba ya kwaɓa siminti.

Za a sauko da gawa ranar Asabar da safe, ana roƙon ƙarfafa biyu su zo da igiya. Ba za a binne ba, domin Goggo ta riga ta roƙe ta don tokare ƙofar kicin. Game da magaji, Farfesa ya nemi a sayo sabon ƙwallo mai iska a ciki. Taron iyali ya zauna ya duba, ya ga babu buƙata, tunda a gidan akwai wanda ya fi kowa sanin lokacin da ruwa ke kai baki. Daga yau, duk sanda aka kunna inji, Farfesa zai hau ya leƙa tanki, idan ya cika ya ƙwala kira a kashe. Masu ta'aziyya za su same shi a saman tsani, safe da yamma. A ɗaga murya, saboda ƙarar inji.