Ranar da Na Dafa Injin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranin da nake neman auren Binta ba. Mahaifinta manomin tumatir ne a gefen dam ɗin Watari, ni kuwa ina koyarwa a firamare, ina neman duk wata kafa da zan nuna ni ma namiji ne. Sai ga labari: injin ban-ruwansa ya tsaya, tumatir yana fure, ganye ya fara langaɓewa.

Na isa gonar na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa. Ma'aikatansa sun riga sun ciro ƙoƙon injin mai jan ruwa, amma wani noti ya yi tsatsa ya ƙi kwantuwa. Makaniki sai washegari.

"Baba, a bar mini shi," in ji ni. (Har yau ban san wanda ya aike ni ba.)

Na sha ganin maƙera suna gasa ƙarfe har ya yi ja, noti ya saki. Na hura gawayi, na ɗora ƙoƙon, na kama fifita. Abin da ban sani ba, ƙoƙon na alminiyam ne da aka gauraya, irin na tukwane, shi kuwa ba ya yin ja. Daga ciki yake fara sakin jiki, waje yana nan fari tas kamar ba abin da ya same shi.

Ina fifita, ja ya ƙi zuwa. Baba ya yi gyaran murya. Na ƙara wuta. Ya sake yi, na ƙara sunkuyar da kai saboda ladabi. Bawan Allah ya ga abin da ke tafe, amma kara ta hana shi kwaɓar mai neman 'yarsa a gaban ma'aikata, ni kuma kunya ta hana ni duban fuskarsa.

Da na gaji, na ɗan ƙwanƙwasa da guduma. Gefen ƙoƙon ya lotsa kamar tuwo mai zafi, sauran ya wargaje kamar dambu. Notin kaɗai ya faɗo lafiya lau.

Na ji aurena yana bin ƙoƙon.

"To, ai ya kwantu," in ji Baba a hankali. "Sannu da ƙoƙari, Malam."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kafin a samo wani ƙoƙon daga Kano, da bokiti na yi ta shayar da tumatir har kafaɗuna suka sale. Rabin tumatirin ya tsira, aka kuma ba ni Binta.

Darasina dai shi ne, abin da bai canja fuska ba, ba lallai lafiya yake ba. Yanzu Baba na yin gyaran murya nake ajiye duk abin da ke hannuna. Kakar Binta kuwa, da ta ji sallamata sai ta ce, "Ku shigar da tukwane, Injiniya ya iso."