Injiniya Falalu da Kwalbar Tsaraba

"Ni ina ruwana da na'ura?" in ji Falalu. "Shinshina ɗaya, na gaya maka yadda mai zai ci wuta!"

Kai dai ka saurare shi kawai. Aikinsa wanke kwalabe ne a ɗakin gwaje-gwajen wata kwaleji a Dutse, inda Dakta Mu'minatu ke haɗa man dizal daga 'ya'yan bini-da-zugu, tana ƙonawa tana auna zafinsa. Amma a rugar su Fatsuma, can bayan Kiyawa inda yake neman aure, da Injiniya yake amsawa.

Modibbo, mahaifin yarinyar, ya ce ba zai sa rana ba sai ya ga aikin nan da idonsa. Ya kuwa zo, aka yi dace Dakta tana wajen taro. Gogan naka ya juya baya yana kokawar cusa kansa cikin farar rigarta, tsohon ya ajiye kwalbar soyayyen man shanu da ya kawo tsaraba a kan tebur, cikin sauran kwalabe.

"Baffa, matsa baya, kimiyya ba wasa ba ce!" in ji Falalu.

Ya miƙa hannu ko dubawa babu, ya cafko kwalbar tsarabar. Modibbo ya buɗe baki.

"A'a Baffa, ba a magana lokacin gwaji."

Falalu ya tsiyaya a fitilar gwaji, ya ƙyasta ashana. Lagwani ya kama tartsatsi, hayaƙi ya turnuƙe, ƙamshi ya cika ɗakin sai ka ce gidan suna. Sarkin hanci ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Ka gani ko? Ya faɗi warwas! Ga ruwa, ga ƙarni. Wanda ya haɗa man nan ƙazami ne na ƙarshe. Ko kyauta aka ba ni, wallahi ba na so!"

"Man, ko mai man?" in ji Modibbo.

"Duka biyun, Baffa!"

Sai ga Dakta tana toshe hanci. "Falalu! Suya kake min a nan? Tuɓe min rigata ka koma kan wankin kwalabenka."

Wayyo, gumi ya keto wa bawan Allah har cikin takalmi. Modibbo ya ɗauki kwalbar a hankali, ya toshe, ya zura a aljihu.

"Madalla da gwaji, Injiniya. Kwana uku Fatsuma tana kaɗa nono ta tara maka man nan. Bari in je in kai mata sakamako."